Laftof ɗin ƙanwata: in saya yanzu ko in bari sai an yi rajista?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah shawara nake nema, kuma waɗanda suka san harkar su faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Ƙanwata ce Allah ya taimaka sunanta ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, jami'ar tarayya ta Dutse, kimiyyar kwamfuta, kuma ita ce mace ta farko a gidanmu da za ta wuce sakandare. Ba a fara rajista ba tukuna. Inna ta ce in kai awakinta biyu Gujungu ranar Lahadi, ni kuma ina da riɗi buhu biyu da na kakkaɓe satin da ya wuce, in aka haɗa duka ina ga za su tashi dubu 300 da ɗan wani abu. Wani yaro a garinmu ya kawo min laftof ya ce Core i7 ce, dubu 240, wai in ban ɗauka ba zuwa Juma'a akwai mai so. Tsorona biyu ne, in na tsaya jira kaya su ƙara tsada ko kuɗin su narke a hidimar gida, in kuma na saya yanzu ta zo ta lalace kafin ma yarinyar ta shiga aji, kuma ba mu da wasu awakin da za a sake sayarwa. Yaya kuka gani?

Maman Ɗalibai:
Wa alaikumus salam. Kai masha Allah, Allah ya sanya albarka, ya ba ta ilimi mai amfani. Ka gaida Inna, wlh ta yi ƙoƙari.

Mai Gyara Gumel:
Ɗan'uwa kafin komai, wannan maganar ta "akwai mai so zuwa Juma'a" ka ajiye ta gefe. Laftof ba ta ƙarewa a Kano. Na biyu, i7 kawai ba ta faɗa maka komai, akwai i7 da ta haura shekara goma a duniya. Ka ce ya kunna ta, ku shiga Settings, System, About, ka ɗauko min hoton abin da aka rubuta a gaban Processor, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kar ka yarda da sitikar da ke jikinta, ana liƙawa.

Malamin Firamare Baɓura:
Ni tambayata ɗaya ce ƙanina. Kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, katifa, risho ko ɗan gas, abinci na wata ɗaya, kuɗin mota, duk ka ware su daban? Ko a cikin dubu 300 ɗin nan suke?

Ɗan Taura:
Malam gaskiya ban ware ba. Na sa rai ne in gero da dawa suka shigo gida a samu wani abu, sannan kawunmu ya yi alkawarin zai taimaka.

Malamin Firamare Baɓura:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ba na raina alkawarin kawu, Allah ya ba shi ikon cikawa, amma rajista tana da ranar rufewa, laftof ba ta da ita. Na ga yaron da ya riƙe kwamfuta a hannu yana kuka saboda an rufe fotal bai biya ba, ƙarshe sai da ya sayar da ita da asara mai yawa a cikin kwana biyu, don mai saye in ya ga ido ya raina fata ba ya tausayi. Ka fara tabbatar mata da kujerarta tukuna.

Ɗan Kasuwar Gujungu:
Malam maganarka gaskiya ce amma ni ban yarda da jira ba in dai kuɗi ne a hannu. Duk wanda ke kasuwa ya ga abin da ya faru. Kafin watan Yuni na 2023 dala a Wapa wajen 750 take, kafin Fabrairun 2024 ya fita ta haura 1,500, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka, waya, laftof, batirin sola, komai. Wanda ya ce bari in jira a tsakanin nan, kuɗinsa rabin kayan suka saya masa. Kuma kuɗi a gida kun san halinsu, yau rashin lafiya gobe suna jibi biki, kafin ka ankara babu.

Ɗalibar Kafin Hausa:
Yaya bari in ba ka labarina, ni abin a kaina ya faru. Babanmu ya saya min tawa a Janairun 2022, ta hannu ce, mai shagon ya ba mu garantin sati biyu. Ko wata ban yi da ita ba malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Na dawo ƙauye, babu wuta, Umma ta ce kar yara su taɓa, aka naɗe ta da zani aka sa a adakar ƙarfe a ɗakin kwano, duk zafin Afrilu da Mayu a ciki ta sha, kuma batirin a mace na ajiye ta don ban sani ba. Ranar da aka ce a koma na buɗe, wajen da ake murza yatsa ya ɗago sama kamar burodi ya kumbura, ashe batirin ne ya kumbura a ciki. Na zauna a bakin gado na yi kuka don na san abin da Baba ya sayar. Sai da aka sake kashe kuɗi aka sa wani batir, shi ma bai kai na asali ba. Ban ce za a yi yajin aiki ba, Allah ya kiyaye, amma tsakanin fitowar suna da fara lakca ma wani lokaci sai a ɗauki watanni.

Ɗan Taura:
Subhanallah. Ƙanwata wannan shi ne ainihin abin da nake gudu. Mu ma ɗakin kwano ne, kuma caji sai an kai shago.

Mai Gyara Gumel:
Abin da ta faɗa haka yake. Batirin laftof da na waya iri ɗaya ne, abu biyu ke kashe shi da wuri, zafi da kuma a bar shi fanko ya daɗe. In dole sai an ajiye, a bar caji wajen rabi, a kashe ta gaba ɗaya, a sa a wuri mai sanyi, ɗakin ƙasa ya fi na kwano, kuma duk wata a ɗan kunna a ƙara mata. Sannan garanti daga ranar da ka biya yake fara ƙirga ba daga ranar da ta fara karatu ba. Sabuwa a kwali yawanci shekara ɗaya ce, ta hannu kuwa abin da mai shago ya ga dama ne, sati ɗaya, biyu, in ya yi kirki wata. In kwanakin nan suka ƙare tana cikin adaka, ka yi asararsu.

Ɗan Taura:
Ga shi na je wajen yaron yanzu, an rubuta i7-4600U, RAM 4GB. Kuma da muka cire caja minti ashirin ba ta yi ba ta ɗauke, ya ce wai don ba ta cika ba ne.

Mai Gyara Gumel:
Ka mayar masa da kayansa cikin mutunci. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce janareshan, wato zubin da aka ƙera ta a ciki, 4 ke nan, ta huɗu, irin na wajen 2013 zuwa 2014. Ba lallai yaron cuta ya yi niyya ba, ƙila shi ma haka aka sayar masa, amma ba ta kai kuɗin ba ko kusa. Bari in yi bayani sosai ko wasu za su amfana. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 da aka saba, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga janareshan na 8 na Intel take farawa, tana kuma neman wani ɗan guntun tsaro a cikin na'urar da ake kira TPM 2.0. Masu shago suna iya tursasa ta a kan tsohuwa, ka ga Windows 11 ɗin ras a sikirin ka ɗauka sabuwar fita ce, shi ya sa nake cewa lamba za ka duba. i5-8250U ko i5-8350U ta fi wannan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Yarinyar nan shekara huɗu za ta yi, ka nema mata i5 ta 8 ko sama, RAM 8GB, wato inda take riƙe aikin da ka buɗe, ma'ajiya SSD 256GB, kar ka karɓi mai HDD, wato mai faifan nan da ke juyawa a ciki, ga nauyin aiki ga shi in jaka ta bugu a mota ko a bayan babur sai ya tafi da duk abin da ke ciki. Waɗanda na fi ganin suna jure wahala su ne na ofis da ake shigowa da su, ThinkPad T480, Latitude 7490, EliteBook 840 G5, an gina su da ƙwari kuma ana samun kayan gyaransu. T480 ma batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa da hannu.

Ɗan Ringim:
Ni a ganina a ƙara haƙuri a sayi sabuwa dal a kwali, ta hannu ba ka san wahalar da ta sha ba.

Mai Gyara Gumel:
In akwai hali ba laifi. Amma sabuwar da kuɗinsa za su iya kaiwa ita ce irin mai Celeron, RAM 4GB da aka liƙe ba a ƙarawa, ma'ajiya 64GB. Kyau a ido kamar me, sai ka buɗe abu uku ta tsaya tana tunani. Kullum ana kawo min su a ce in ƙara musu ƙarfi, babu inda zan ƙara. Haka Chromebook, araha ce kuma batirinta na daɗewa, amma ba Windows ba ce, yawancin manhajojin da malamai za su ce a sauke ba za su hau kai tsaye ba.

Injiniyan Kazaure:
Na yarda da Mai Gyara a kan na'ura, amma a kan lokaci ina da ja da masu cewa a jira sosai. Ku duba kos ɗin fa, kimiyyar kwamfuta ce ba tarihi ba. Gaskiya ne a lebul 100 yawanci lissafi ne da fiziks da darussan gama-gari na GST, za ta iya wuce samistar farko da waya da kafe. To amma yarinyar da ta taso a ƙauye, wataƙila ranar JAMB ce ranar da ta fi daɗewa a gaban kwamfuta, za ta zauna aji ɗaya da 'ya'yan birni da tun firamare suke danna kibod. Ni sai da na shiga ND2, shekara ta biyu ta difiloma, na mallaki tawa, kuma har na gama ina jin ratar nan, wasu na rubuta furogiram ni ina neman inda harafi yake. Hannu ba ya sabawa da aro na awa ɗaya. Saboda haka kar a ce sai lebul 300 ko sai furojet, wannan shawarar ta masu wani kos ce.

Malamin Firamare Baɓura:
Injiniya ban ce sai furojet ba. Na ce rajista tukuna. In takardar biya ta shigo hannu, ko washegari ne a saya.

Injiniyan Kazaure:
To Malam a nan mun haɗu, Allah ya huci zuciyarka.

Ɗan Kasuwar Gujungu:
Tunda haka ne ga tawa. In za ka jira, kar ka jira da takardar kuɗi a aljihu, ka jira da riɗinka. Yanzu kaka ce kowa na fitarwa, 'yan awo da dillalan da ke tarawa su kai Maigatari ko Dawanau sun san manomi a matse yake. In ya bushe sosai ka ɗinke buhu ka ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa, ba abin da zai same shi a wata biyu. Ban ce lallai zai tashi ba fa, kasuwa ta Allah ce, mun ga waɗanda suka ɓoye masara farashi ya karye musu. Amma ko bai tashi ba, buhu ya fi wuyar taɓawa a kan kuɗi. Awakin Inna kuma in ba dole ba a bar mata, in akwai mai ciki ma kar ka kuskura.

Ɗan Taura:
Wlh ɗayar ciki gare ta. Na faɗa wa Inna ta ce ba komai ai don yarinyar take kiwon.

Maman Ɗalibai:
Ɗana ka bar mata mai cikin nan, in ta haihu ita ce kuɗin samista ta gaba. Ni uku gare ni a makaranta, abin da na koya shi ne hidimar ba a ranar farko take ƙarewa ba, handawut, data, kuɗin mota, wannan a kawo wancan a kawo. Kuma ku cika NELFUND, asusun bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya, da zarar ta samu lambar ɗalibi, su kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa makarantar, sannan akwai dubu 20 a wata na kashewa ga wanda ya nema. Bashi ne ba kyauta ba, kuma kar ku jingina rajistar farko da shi don ba a ranar da ka cika yake fitowa ba. Wani abu kuma da ba wanda ya taɓo, sata. Ka saya mata jakar goyo wadda ba ta yi kama da ta laftof ba, da ɗan kwado, kuma ka ja mata kunne a kan bayar da aro, mu mata kunya na hana mu cewa a'a.

Ɗalibar Kafin Hausa:
Mama wannan gaskiya ne, aro ya fi ɓarawo kashe laftof a hostal. Wata ta karɓa ta kalli fim a kan katifa, ta toshe inda iska ke fita, ta yi zafi kamar dutsen guga. Sannan Yaya ka dage a kan batir fiye da komai, don a makaranta ma wuta zuwa take ta tafi, kowa rububin soket yake a aji da masallaci. Kun tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu, masu batir mai kyau ne kawai suka iya aiki da cajin da suke samu a shagon sola.

Ɗan Taura:
To yaya ake gane batir mai kyau tunda kowa cewa zai yi tasa awa biyar take yi?

Mai Gyara Gumel:
Ba sai ka yi musu da kowa ba, ita kwamfutar za ta faɗa da bakinta. A wajen bincike na ƙasa ka rubuta cmd ka buɗe, baƙin allo zai fito, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, za ta nuna maka inda ta ajiye rahoton. Ka buɗe ka nemo layi biyu, Design capacity shi ne abin da batirin ke ɗauka yana sabo, Full charge capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yau. In na farko 50,000 ne na biyu 40,000, da sauransa sosai. In ka ga ya sauko rabi ko ƙasa, ko dai a canza batir ko a rage maka kuɗinsa. Duk da haka ka cire caja ka kunna bidiyo ka zauna rabin awa kana kallon yadda kason ke sauka, don batirin da ba na asali ba yana iya ba da lambar ƙarya. Kana zaune ɗin ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ka gwada duk ramukan USB, kyamara, sifika, Wi-Fi da hotspot ɗin wayarka, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙalarsa na ƙara, ka sa farin shafi ka duba tabo a sikirin, ka kasa kunne ka ji fanka. A kashe a shiga BIOS, allon saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, a gabanka a tabbatar babu kalmar sirri, wasu daga ofisoshin waje suke zuwa a kulle. Caja ta asali ka nema ko da ta hannu ce, ta fi sabuwar jabu, musamman ku da za ku riƙa caji a ƙaramin janareta. Na ƙarshe rasit, da sunan shago da lambar siriyal da kwanakin garanti a rubuce, don in ta sata ce aka kama, takardar nan ce za ta fitar da ƙanwarka. Farm Centre da Beirut Road a Kano duk akwai masu shago na dindindin, ka sayi a wajen wanda gobe in ka dawo za ka same shi. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama.

Admin:
Na maƙale wannan bayanin a sama saboda masu irin tambayar suna da yawa a bana. Masu turo tallan laftof ta inbox dan Allah ku daina, wanda ya tura kuɗi bai ga kaya ba shi ya so.

Ɗan Taura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da Inna da daddare na karanta mata duk abin da kuka rubuta, labarin adakar nan sai da ta ce in maimaita. Mun tsaya a kan za a bar mai cikin, riɗin ma zan riƙe, sai an buɗe rajista. Na mayar wa yaron da tasa.

Ɗan Taura:
Slm 'yan zaure, na dawo da bayani bayan sati bakwai. An buɗe rajista mun biya, da buhu ɗaya na riɗi da abin da kawu ya kawo, Allah ya saka masa bai ba mu kunya ba. Ɗaya buhun da akuya ɗaya da ɗan gero na haɗa muka shiga birni jiya ni da ita, da takardar da na kwafe bayanin Mai Gyara a kai. Shagon farko da na ce zan duba batir mai shagon ya ɓata rai muka fita. Na biyu ya bari, ita da kanta ta rubuta abin a baƙin allon hannunta na rawa, sai ga 21,000 a cikin 50,000, muka ajiye. A na uku muka samu T480, i5-8350U, RAM 8, SSD 256, batiran biyu duka sun haura kashi 80, mun zauna a benci kusan awa ɗaya tana danna haruffa ɗaya ɗaya har mai shagon ya sayo mana ruwa. Garantin sati biyu ya rubuta. Kuɗin sun ɗan fi abin da na tanada, jaka ba ta samu ba, a cikin hijabinta ta naɗo ta muka sa a tsakiyar kaya har gida. Inna ta ce a kunna mata ta gani, ta shafa murfin ta yi ta addu'a.

Maman Ɗalibai:
Alhamdulillah, har na yi ƙwalla. Akwai jakar goyo ta babbar 'yata da ta gama, mai kyau ce, ka yi min magana in ba direban Taura ya kawo.

Injiniyan Kazaure:
Masha Allah. Kar ta jira lakca, ta fara koyon taifin da yatsu goma tun yau, ko rabin awa kullum.

Mai Gyara Gumel:
Madalla, kun yi sa'ar kaya. Yaushe za ta tafi?

Ɗan Taura:
Sauran kwana goma sha biyu in sha Allah.

Mai Gyara Gumel:
To kar a sa ta a adaka ko na kwana ɗaya. Kwanakin garantin nan ta yi ta aiki da ita kullum har batir ya yi ƙasa a kai caji, in akwai wani ciwo a ɓoye ya fito yanzu tun takardar na da rai. A kan tire ko benci za ta ɗora ba a kan katifa ba, in ta gama ta rufe da kyalle saboda ƙurar hunturun nan. In kun kai shagon caji ku tsaya a kanta, kuma a cire ta kafin a kashe inji ko a tayar. In ka ga wani abu ko ƙarami ne ka ɗauko hoto ka turo nan kafin ranar ta cika.